Illa na Galma da Waƙar da Ya Daina Rerawa

Shekara goma sha biyu ke nan da muka kai Illa makwancinsa a Galma. Ya rasu da bazara, shekarar da sanƙarau ya ratsa ƙauyukanmu, bai cika talatin ba. Na daɗe ina son in yi rubutu a kansa ina fasawa, don ba kowa ke son mayar da amininsa labarin jarida ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne waƙarsa ta dawo. Daga Madawa zuwa Buza, duk tashar da mota ta tsaya, duk rumfar mai shayi, "Tuwonka Na Nan" ce ke tashi a kaset, kuma yawancin masu jin ta sun ɗauka jiya aka haife ta. Ni ne na buga ganga a faifanta na farko. Ina ganin nauyi ne a kaina in faɗi inda ta fito da abin da ta jawo wa mai ita.

Sunansa na yanka Iliyasu, amma ban taɓa jin wanda ya kira shi haka ba sai limamin da ya yi masa salla. Ɗan manomi ne, mahaifinsa Baba Nomau, mutum mai kaifi ɗaya wanda gonarsa ta dawa ba ta taɓa kwana da ciyawa ba. Mun haɗu a lakwal, wato makarantar boko, a Madawa, benci ɗaya muka zauna. Gitarsa ta farko shi ya haɗa ta da galan ɗin mai da wayar birkin keke, kuma da ita ya koyi duk abin da ya ji a rediyo. Da gidan matasa na garin ya samu kayan kiɗa masu aiki da lantarki, mu huɗu muka mamaye su. Illa ya riƙe gita da waƙa, abokinmu Agali ya ɗauki bas, wani ya riƙe gita ta biyu, ni kuma na zauna bayan ganguna. Muka sa wa kanmu suna Tsawar Tarka, saboda kwarin da ya ratsa ƙasarmu, kuma sunan bai yi ƙarya ba. Kiɗan rok muke yi, irin wanda muke ji a faifan Turawa, da ƙarfi, da gudu. Mun tara suma, mun sa wando mai faɗin ƙafa. Inda babu wuta, batirin kamiyo, babbar motar kaya, muke aro mu ɗaura wa ampili, na'urar ƙara sauti.

A Adar kiɗa gadon gida ne, ɗan manomi ba ya ɗaukar abin kiɗa ya tsaya gaban mutane. Tsofaffi suna cewa Illa ya shiga roƙo. Shi kuwa amsarsa ɗaya ce kullum, cewa bai taɓa wasa wani don a ba shi riga ba. Baba Nomau ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, amma bai hana shi ba, muddin dai ruwa ya sauka zai ajiye gita ya zo ya kama hauya. Kuma bai taɓa saɓawa ba.

Sai aka shiga shekarun farin nan da kowa ya sani. Rumbuna suka bushe, dabbobi suka ƙare, maza suka watse bida, wato neman kuɗi a ƙasashen waje. Cikin waɗanda suka tafi har da Alhu, mijin Habsu, yayar Illa da ke aure a Tamaske. Ya nufi bakin teku. Shekarar farko an ga saƙo da turmin zane. Daga nan shiru, damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ba shi ba labarinsa.

Wata ranar kasuwa na raka Illa Tamaske gaida Habsu. Da ta gama tuwo ta raba wa kowa, sai ta zuba wani a akushi, ta rufe, ta ɗora can sama inda yara ba sa kaiwa. Lokacin nan fa hatsi da tafin hannu ake auna shi. Illa ya bi akushin da ido.

"Yaya, wanga na wane baƙo ne?"

"Na mai gida ne," in ji ta. "Mota ba ta da lokacin isowa. In ya zo, kar shi tarar kamar ba a san da shi ba."

Ashe kullum haka take yi. In gari ya waye bai zo ba, ta ɗumama wa yara. Ba ta faɗe shi da kuka ba, ta faɗa ne kamar mai ba da labarin farashin gishiri, ta ci gaba da kwashe tukunya.

Bayan 'yan kwanaki Illa ya zo wurin gwaji da wata waƙa wadda ba ta yi kama da komai namu ba. A hankali take tafiya, kamar mai ɗauke da tulu a ka. Ya rage ƙarar gitarsa har sai da ta koma kamar mai magana. Ni kuma ya ce in ajiye sanduna, in taɓa ganga ɗaya da tafin hannu. Muryar mace ya ara, yana cewa:

Tuwonka na nan, ban ba kowa ba,
Na rufe shi, ƙuda bai taɓa ba.
Ko hannu wofi ne ka zo,
Ni ba kaya na aura ba.

Agali ya saurara har ƙarshe, ya ce waƙar ta yi kyau amma ta gidan makoki ce, wa zai yi rawa da ita? Illa ya ce ba dole ne kowace waƙa ta shiga ta ƙafa ba.

A Buza muka fara rera ta, washegarin salla da la'asar, a filin lakwal da aka kewaye da zana. Samari suna ta rawa, ƙura ta tashi, sai Illa ya yi mini ido na ajiye sanduna. Masu rawa suka yi cirko-cirko. Wanda ya gayyato mu ya aiko a ce mana mu koma kiɗan da aka kira mu don shi. Amma daga inda nake zaune ina hangen abin da shi bai gani ba. Matan da ke leƙe ta saman zana, masu sayar da fura da ƙosai da waɗanda suka biyo hanya daga rijiya, sun matso har zanar ta fara kwantawa. Da waƙar ta ƙare ba wanda ya yi tafi. Wata tsohuwa ce ta ɗaga murya daga waje ta ce, "Ɗana, maimaita muna." Muka maimaita.

Wani ɗan kasuwar Madawa mai hulɗa da Najeriya ne ya tsallaka da mu, aka ɗauki muryarmu, aka buga ƙaramin faifan garmaho mai waƙa ɗaya a kowace fuska. A fuskar gaba muka sa wata mai zafi da muke alfahari da ita. "Tuwonka Na Nan" a baya muka ɓoye ta, don cike wuri. Da faifan ya isa gidan rediyo a Yamai, ban san wanda ya kifa shi ba, amma tun daga ranar ba a sake jin fuskar gaba ba. Shirin zaɓi-sonka ya zama nata. Mata suna sa 'yan lakwal su rubuta musu takardar neman a sa ta, a gaida wane da ke Abijan, a gaida wane da ke Ikko. Direbobi suna ba da labarin ɗakunan 'yan bida inda ake kewaye garmaho a yi tsit. Mutanen birni da suka saba yi wa Hausarmu ta Adar dariya suka koma kwaikwayon ta. Ba kowa ya so ta ba. Samarin da suka san mu da tsawa sun ce mun yi laushi, wasu sun ce namiji da rera zancen mata ba daɗin ji. Waɗannan duk ba su dame mu ba. Abin da ya dame mu daga gida ya fito.

Illa bai ambaci sunan kowa a waƙar ba, amma akwai baitin da ya faɗi ranar kasuwar Tamaske da gawon da ke ƙofar gida. A Tamaske kuwa ba wanda bai san gawon ba. Yara suka riƙa rera waƙar in mahaifiyar Alhu ta fito za ta rijiya. Dangin Alhu suka ce zambo ne aka yi musu, suka turo manya Galma. Baba Nomau ya aika aka kira Illa, ni na raka shi, na zauna daga bakin zaure.

Baffan Alhu ne ya yi magana. "Ɗiyarku tana gidanmu, ba mu hana ta ci ba, ba mu hana ta sha ba. Mi munka yi da za a sa mu bakin duniya?"

Illa ya ce, "Baba, ban kira sunan kowa ba."

Baba Nomau ya dube shi. "Wanda ya nuna gida da yatsa, wane suna ya rage mai shi kira?"

Aka sa a tambayi Habsu, wadda ta zo tare da su tana cikin gida, ko ita ta sa ƙanenta. Ta tsaya bayan ƙofa, ta ce, "Ban aike shi ba. Amma bai yi ƙarya ba."

Baba Nomau ya daɗe yana wasa da carbinsa. Yana da 'ya a gidan mutane, yana da zumunci da ya girmi Illa. Daga ƙarshe ya ce, "Abin da ya shiga rediyo ya fi ƙarfina, magana zarar bunu ce. Amma bakinka ina da iko da shi. In dai ni na haife ka, kar ka sake rera ta gaban jama'a."

Illa ya ce, "Na ji, Baba."

Na ɗauka jin nan na zaure ne, in ƙura ta lafa a koma. Ban san abokina ba ke nan. Daga ranar har ya koma ga Mahaliccinsa bai sake rera ta ba. Ku auna abin da wannan ke nufi ga mawaƙin da duk ƙasa ta san shi da waƙa ɗaya. Duk inda muka je ita ake jira. A Tawa jama'a suka yi ta kiran sunanta har muka kasa jin kiɗanmu, wani ya cire wayar batir, muka tattara kaya ana yi mana ihu. An gayyace mu Yamai da sharaɗin za mu yi ta, gayyatar da muka yi shekaru muna mafarki, Illa ya ce a ba su haƙuri. Agali ya kawo dabara, ya ce to shi bari ya rera, Illa ya kaɗa gita kawai, ai bakinsa aka hana. Illa ya ce, "Wannan wayo ne, ni kuwa ba ni yi ma tsohona wayo." Gayyata ta ja baya, mai gita ta biyu ya tafi bida shi ma, Tsawar Tarka ta koma kiɗan bukukuwan unguwa.

Har gobe ina ganin hukuncin Baba Nomau ya yi tsauri, na kuma faɗa wa Illa haka tun yana raye. Amma masu cewa tsoro ne ko rashin zuciya ya sa ya bi, ba su san shi ba. Mutumin da ya tsaya gaban taro yana ihu a kansa, yana da abin da zai kashe wutar da baiti ɗaya, ya ƙi, ba matsoraci ba ne. Ya taɓa ce mini waƙar ta riga ta yi aikinta, ba ta bukatar ya riƙa bin ta a baya kamar mai kiwon akuya.

Kuma ta yi ɗin. Gab da damina ta gaba Alhu ya sauka a tashar Tamaske da jaka ɗaya. Daga baya aka ji yadda abin ya faru. Kayan tallarsa ne suka salwanta, ya koma dako, kunya ta hana shi ko aiko da gaisuwa. Wata rana a ɗakin 'yan Adar wani ya ɗora faifan, da aka zo baitin gawo duk ɗakin aka juyo aka dube shi. Ya dawo, ya yi noma, ya ci gaba da zuwa bida da rani kamar kowa, amma bai sake barin damina ta same shi a waje ba. Kada ku zaci ya gode wa Illa. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Gaisuwa ce kawai tsakaninsu, ita ma a taƙaice. Sai ranar jana'izar Illa, da aka ce wa zai shiga kabari ya karɓe shi, Alhu ne ya tuɓe takalmi ya shiga kafin kowa ya motsa.

Bayan rasuwar Illa waƙar ta yi sanyi. Garmaho ya ba kaset wuri, rediyo ta samu sabbin muryoyi. Ni aikin koyarwa ya kai ni Keita, daidai lokacin da aka fara aikin nan na raya ƙasa, inda ake jera duwatsu a gangaren tudu ana haƙa ramukan tare ruwa don dasa itace. Duk wanda ya je ya gani ya san mata ne ƙashin bayan aikin, don maza suna bida. Wata safiya ina wucewa ta gindin tudu na ji layin mata masu ɗaukar dutse suna waƙa, ɗaya na bayarwa sauran na amsawa. Sai da na yi nisa kafin na gane abin da kunnena ke ji. Karin Illa ne, amma da sauri, daidai takun mai kaya a ka. Kalmomin ma sun sake:

Tuwonka na nan, amma ka hanzarta,
Ni na tafi dutse, ban zauna ba.
In rana ta faɗi ba ka zo ba,
Ni da yara mun wanke akushi.

Cikin matan nan akwai wata mai suna Tsahara, mai murya kamar a tsaga gora. Ita ce bara ta shiga ɗakin ɗaukar murya da ƙwarya da gurmi da molon lantarkin nan mai ganga a cikinsa, ta fitar da kaset ɗin da ya cika tashoshi yanzu. A jikin kaset ɗin farko babu sunan Illa ko kaɗan. Agali, wanda yanzu gyaran rediyo yake yi a Madawa, ya hau mota ya same ni a Keita da kaset ɗin a hannu, ransa a ɓace. Ya ce an sace waƙar mamaci, an kuma mayar da kuka abin rawa. Na ce kafin mu yanke hukunci mu je mu ji daga bakinta.

Muka same ta a tsakar gida tana tsince wake. Da Agali ya gama bayani ta ajiye tiren, ta ce, "Baba, wallahi na ɗauka waƙar daka ce. Wurin innata na ji ta, in tana surfe. Ban san tana da mai ita ba."

Agali ya zo da faɗa cike da baki, ya rasa inda zai sauke shi. Ta roƙa a jiyar da ita ta asalin. Ya zo da faifan a jakarsa, amma aka zaga unguwar ba a samu garmaho mai aiki ba. Sai na jawo ƙwaryarta na kifa, na taɓa da tafin hannu, Agali ya rera da muryarsa da ba ta taɓa zama ta waƙa ba. Ta saurara kanta a sunkuye. Da muka gama ta ce, "Tashi waƙar ta mai jira ce a zaune. Mu tsaye muke jira." Tun daga ranar ba ta fara waƙar a gaban taro sai ta ambaci Illa na Galma ta nemi a yi masa addu'a, kuma kaset ɗin da aka sake bugawa yana ɗauke da sunansa.

Mutane suna tambayata me Illa zai ce da yana nan. Ana cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma na san da farko zai yamutsa fuska. Zai ce gangar cikin na'ura ba ta numfashi, zai ce an kore waƙar da gudu kamar ana bin ta bashi. Amma na zauna da shi tsawon da zan iya rantsuwa cewa kafin kaset ɗin ya ƙare yatsunsa za su fara neman inda gita za ta shiga. Abin da zai dame shi ba saurin ba ne. Zai tambaya ko har yanzu motoci suna kwashe samarin Adar bayan girbi, a ce masa e, har sun fi da. Zai kuma tsaya ya daɗe yana kallon tudun Keita da ya sani ƙwal kamar tafin hannu, yau ga itatuwa sun fara kai ƙugu, a ce masa matan da ya yi wa waƙar jira ne suka dasa.

Habsu tana nan, ta yi jikoki. Ta ce ta Tsahara ta fi mata, tana dariya, wai da ta san haka tun can da ba ta bar tuwo ya kwana ba. Baba Nomau ma yana raye, ido ya tafi amma kunne garau. Da na je gaida shi da sallar da ta wuce, jikokinsa suna jin kaset ɗin a tsakar gida. Ya tambaye ni ko waƙar nan ce. Na ce ita ce, in sa a kashe? Ya ce, "Bar ta. Ita ban haife ta ba."

In aka zo lissafin abin da mutum ya bari, na Illa ba shi da yawa a ido. Bai yi aure ba, bai gina ɗaki ba, gitar ma ba tasa ba ce. Hotonsa ɗaya gare ni, shi ma rana ta cinye rabin fuskar. Amma na ga attajirai da masu mulki da aka yi wa kiɗa da kirari a zamaninmu, yau sai an yi dogon bayani kafin a tuna su. Shi ya bar abin da mata ke ɗaukar dutse da shi, suna gyara shi yadda ya dace da wuyansu, ba tare da neman izinin kowa ba.

Makon jiya ina cikin motar Buza, direba ya sa kaset ɗin. Ban san lokacin da na fara bin ta a hankali ba, da tsohon takunta, yadda muka yi ta a faifai. Direban, wanda bai fi shekarun Illa na lokacin ba, ya dube ni ta madubi ya rage murya.

"Malam, kana jan ta da yawa. Ba haka ake yin ta ba."

Na ce, "To, koya mini."

Ya koya mini har muka isa. Allah ya sanyaya makwancin Illa, ya sa ya tarar da nasa rabon an ajiye masa.